Yadda ƙwayar halitta ke rusa furotin kafin ta rabu: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban kimiyyar halittu, likitanci da haɗa magunguna suka fi maimaitawa idan aka zo babin rabuwar ƙwayar halitta. Yawancinsu sun haddace matakan, suna iya zana su a allo ba gargada, amma da an ce me ke hana ƙwayar komawa baya sai aji ya yi tsit. Amsar tana cikin aikin da littattafan sakandare ba su cika tsayawa a kai ba, wato yi wa furotin shaida da rusa shi a daidai lokacinsa.

Mene ne zagayen rabuwar ƙwayar halitta?

Jerin ayyuka ne da ƙwaya ɗaya ke bi har ta zama biyu. A matakin G1 tana girma tana tara kayan aiki. A matakin S tana kwafe DNA ɗinta gaba ɗaya, kowane kiromosom, wato dunƙulen da DNA ke naɗe a ciki, ya zama tagwaye a manne da juna. A G2 tana duba abin da ta kwafa. A matakin M, wanda ake kira maitosis, tana raba tagwayen nan biyu, sannan ita kanta ta tsage gida biyu.

Ƙwayar ɗan Adam da ake rainonta a ɗakin gwaji tana ɗaukar kimanin awa 24 ta kammala, kuma matakin M bai cika wuce awa ɗaya ba. Ƙwayar yis, irin wanda ake sa wa burodi, tana iya gamawa cikin minti 90. A jikinmu kiromosom 46 ne za a kwafa a raba, kuma dole kowace 'ya ta samu cikakken rabonta, ba ragi ba ƙari.

Me ke tura ƙwayar daga wannan mataki zuwa na gaba?

Wasu enzayim ne, wato furotin masu gudanar da aikin sinadarai a ƙwaya, da ake kira CDK. Aikinsu liƙa wani ɗan sinadari mai suna fosfet a jikin wasu furotin, kuma wannan liƙin ne ke kunna wani aiki ko ya tsayar da wani. Sai dai CDK ba ya motsi shi kaɗai, dole abokinsa saikilin ya zo ya riƙe shi. Yawan CDK bai cika canzawa ba a tsawon zagayen. Saikilin ne ke hawa da sauka: nau'in D a G1, E a bakin shiga S, A a cikin S da G2, B a lokacin maitosis.

Tim Hunt ne ya gano saikilin a 1982, a ɗakin binciken halittun ruwa na Woods Hole da ke Amurka. Ya ba ƙwan bushiyar teku amino asid, tubalin ginin furotin, mai alamar da ake iya bi, yana ɗibar samfuri duk bayan minti goma yana baza furotin ɗin a faifan gwaji. Duk layukan suna ƙara kauri yadda aka zata, ban da guda ɗaya. Shi wannan sai ya yi kauri, ya ɓace ɓat daidai lokacin da ƙwan zai rabu, sannan ya dawo. A 2001 aka ba Hunt kyautar Nobel tare da Leland Hartwell da Paul Nurse, waɗanda suka gano ƙwayoyin gadon CDK ta hanyar binciken yis. Wannan ɓacewar da Hunt ya gani ita ce jigon duk tambayoyin da ke biye.

Me ya sa sai an rusa furotin? Ba za a iya dakatar da shi kawai a adana ba?

Ana dakatarwa, kuma ƙwayar tana yin hakan kullum ta hanyar fosfet. Amma fosfet ɗin da aka liƙa yanzu ana iya cire shi anjima, ya zama kamar ƙofar da aka tura ba a sa mata sakata ba. Akwai matakan da komawa baya a cikinsu halaka ce. Ƙwayar da ta fara raba kiromosom ba ta da damar ta fasa a tsakiya, wadda ta gama kwafar DNA kuma bai halatta ta sake kwafa ba. Idan aka niƙe furotin, babu mai dawo da shi sai an ƙera sabo tun daga tushe, kuma hakan yana cin lokaci. Wannan jinkirin ne ke tilasta zagayen ya bi hanya ɗaya.

An gwada wannan kai tsaye. A 1989 Andrew Murray da Marc Kirschner da abokin aikinsu suka gutsure farkon saikilin B, inda alamar rusawa take, suka zuba shi cikin ruwan ƙwan kwaɗo. Saikilin ɗin ya ci gaba da kunna CDK lafiya lau, amma ya ƙi rusuwa, sai zagayen ya maƙale a maitosis ya kasa fita. Ya kamata in ƙara da cewa rusawa ba ita kaɗai ke riƙe ƙofar ba, akwai wasu hanyoyin da CDK ke ƙarfafa kansa da kansa, amma ba tare da rusawa ba ƙwayar ba ta taɓa kammala rabuwa.

Ta yaya ƙwayar ke sanin furotin ɗin da za ta rusa?

Shaida ake yi masa, kamar jan fentin da hukuma ke shafa wa ginin da za a rushe. Shaidar wani ɗan ƙaramin furotin ne mai amino asid 76, sunansa yubikwitin. Yana cikin ƙwayoyin dabbobi da tsirrai da yis, kuma na mutum da na yis amino asid uku kacal suka bambanta.

Hannu uku yake bi kafin ya isa. E1 ne ke ɗaukarsa ya shirya shi, yana kashe ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashin ƙwaya. Sai ya miƙa wa E2, mai dako. E3 kuwa shi ne dillalin da ya san kaya: yana kama furotin ɗin da ake nema da hannu ɗaya, ya riƙe E2 da ɗayan, ya haɗa su a ɗaura shaidar. Ana ɗaura ɗaya a kan ɗaya har su zama sarƙa, kuma galibi sarƙa mai akalla guda huɗu ce ke kai furotin mahalaka. Lissafin ma ya nuna inda zaɓen yake. A jikin mutum E1 na yubikwitin biyu ne, E2 kusan 40, E3 kuwa sun haura 600. Saboda haka duk mai son sanin me ya sa aka rusa wane a wane lokaci, E3 zai bi.

Su wa suka gano wannan tsari?

Tun a shekarun 1950 aka lura da wani abin mamaki: rusa furotin a cikin ƙwaya yana cin makamashi. A hanji, enzayim na narka furotin ɗin abinci ba sa buƙatar ATP, to me ya sa cikin ƙwaya ake biya kafin a rusa? Avram Hershko da ɗalibinsa Aaron Ciechanover, a jami'ar Technion da ke Haifa, suka ɗauki tambayar. A 1978 suka fasa jajayen ƙwayoyin jinin zomo da ba su gama nuna ba, suka raba ruwan kashi biyu. Kowane kashi shi kaɗai bai rusa komai ba, amma da aka haɗa su sai aiki ya dawo. A cikin kashi na farko suka sami wani ɗan furotin da ko zafi ba ya lalata shi. Tare da Irwin Rose, a cibiyar binciken cutar daji ta Fox Chase a Filadelfiya, suka nuna cewa ɗaure shi ake yi a jikin furotin ɗin da za a rusa. A 1980 aka tabbatar wannan ɗan furotin shi ne yubikwitin da aka riga aka sani tun 1975 ba a san aikinsa ba. Su ukun sun karɓi Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2004.

Alaƙar da rabuwar ƙwaya ta fito fili a 1984, lokacin da Daniel Finley da Ciechanover da Alexander Varshavsky suka bincika wasu ƙwayoyin ɓera da ke daina rabuwa idan aka ƙara musu zafi. Ashe E1 ɗinsu ne zafin ke lalatawa. A 1991 ɗakin binciken Kirschner ya nuna cewa saikilin ɗin Hunt ta wannan hanya yake ɓacewa.

Ina ake kai furotin bayan an yi masa shaida?

Furotiyasom. Siffarsa kamar ganga ce mai zobe huɗu a jere, kowane zobe guntu bakwai, wuƙaƙen kuma suna can ciki inda ba za su taɓa wanda bai shigo ba. A bakin gangar akwai murfi mai gane sarƙar yubikwitin. Yana kama furotin, ya cire sarƙar a sake amfani da ita, ya warware shi kamar zare, ya zura shi ta ƙaramar ƙofa. Abin da ke fitowa ƙananan gutsattsari ne da ake ƙarasa narkewa su koma amino asid don sabon gini.

Duk furotin da aka ɗaura wa yubikwitin mutuwa zai yi?

A'a. Ya danganta da yadda aka ƙulla sarƙar. Wadda aka ƙulla ta gurbi na 48 ko na 11 a jikin yubikwitin tana kai wa furotiyasom. Ta gurbi na 63 galibi kira ce ga masu gyaran DNA ko masu isar da saƙo. Akwai kuma enzayim kusan 100 da aikinsu kwance sarƙar, don haka furotin na iya tsira ko bayan an yi masa shaida.

Waɗanne E3 ne ke da alhakin zagayen rabuwa?

Manya biyu ne, SCF da APC/C, kuma halinsu ya bambanta. SCF kusan kullum a shirye yake, sai dai ba ya taɓa furotin sai ya ga fosfet a jikinsa, ke nan wanda za a rusa ne ake canzawa. Yana da kawuna masu sauyawa da ake kira F-box, kusan 70 a jikin mutum, kowane kai da irin waɗanda yake kamawa. APC/C kuwa shi kansa ake kunnawa a kashe. An gano shi a 1995, kuma babban inji ne mai guntaye fiye da goma. Mataimaka biyu ke karɓa-karɓa wajen tuƙa shi: Cdc20 a tsakiyar maitosis, Cdh1 daga ƙarshen maitosis har ƙarshen G1.

Su biyun suna sa wa juna linzami. A G1, APC/C yana rusa Skp2, ɗaya daga kawunan SCF. Gab da maitosis kuma SCF ne ke rusa Emi1, furotin ɗin da ya danne APC/C tun farkon S. Shi ya sa ba sa cin karo.

Yaya rusawa ke buɗe ƙofar matakin S?

A G1 akwai wani furotin, p27, da ke rungume saikilin E da abokinsa CDK2, ɗaya daga nau'o'in CDK, ya hana su aiki. Idan saƙon girma ya yi ƙarfi, saikilin E yana taruwa har wasu su kuɓuce. Waɗanda suka kuɓuce sai su liƙa wa p27 fosfet, SCF mai kan Skp2 ya gan shi ya yi masa shaida. Duk p27 ɗin da aka niƙe yana sakin ƙarin CDK2, su kuma su ƙara liƙa wa sauran fosfet. Abin da ya fara da kaɗan-kaɗan sai ya ɓalle lokaci guda, kamar madatsar ruwa da ta fara yoyo. Bayan an shiga S, saikilin E ma bai tsira ba: SCF mai kan Fbw7 ne ke kawar da shi.

Yaya kiromosom ke rabuwa duka a lokaci ɗaya?

Wannan ne wurin da nake so ɗalibi ya tsaya ya nutsu, domin a nan tsarin ya fi bayyana kyawunsa. Tun a matakin S, tagwayen kowane kiromosom suna ɗaure da wani zobe da ake kira kohesin, kamar yadda ake ɗaure damin dawa. A maitosis, zaruruwa daga ɓangarori biyu na ƙwayar suna kama tagwayen, wannan yana ja gabas wancan yana ja yamma, amma zoben ya hana su rabuwa. Haka suke jeruwa a tsakiya cikin ɗauri da ja.

Wuƙar da za ta yanke zoben tana nan tun tuni, sunanta sefares, amma tana cikin kube. Kuben furotin ne mai suna sekurin. Da komai ya daidaita, APC/C tare da Cdc20 sai ya yi wa sekurin shaida, furotiyasom ya niƙe kuben, wuƙa ta fito ta datse kohesin, tagwaye su rabu kowa ya nufi ɓangarensa. Frank Uhlmann da Kim Nasmyth ne suka nuna wannan yankan a yis a 1999. A daidai wannan lokaci APC/C yana rusa saikilin B, ƙarfin abokinsa CDK1 ya faɗi, kiromosom su warware, a sake gina bangon cibiya, ɗakin da ke riƙe DNA, wanda ya rushe a farkon maitosis, ƙwayar ta tsage. Inji ɗaya, umarni ɗaya, ayyuka biyu, don haka ba yadda za a yi ƙwayar ta tsage alhali kiromosom suna ɗaure. Dubi tambayar da ke sama a kan dalilin rusawa don ganin abin da ke faruwa idan saikilin B ya ƙi rusuwa.

Idan kiromosom ɗaya bai kamu da zare ba fa?

Duk ƙwayar ce ke jira, kamar motar tasha da ba ta tashi sai kujerar ƙarshe ta cika. Kowane kiromosom yana da maƙali inda zare ke kamawa. Maƙalin da ba a kama ba yana ƙera wani ƙulli na furotin, da suka haɗa da Mad2 da BubR1, wanda ke kama Cdc20 ya hana APC/C taɓa sekurin. A 1995 Conly Rieder da abokan aikinsa suka yi gwajin da ya warware gardama. Suka sami ƙwaya da ta tsaya tana jiran kiromosom ɗaya tilo, suka ƙona maƙalinsa da hasken leza. Kiromosom ɗin bai kamu ba har yanzu, amma da yake mai kukan ya yi shiru, sai ƙwayar ta ci gaba da rabuwa. Ashe saƙon “a dakata” ne ke fitowa daga wanda bai shirya ba.

Idan wannan tsaro ya yi rauni, wata 'ya ta samu kiromosom fiye da kima, wata ta rasa. Ana ganin hakan a yawancin ƙwayoyin cutar daji. A ƙwan mace kuma kohesin ɗin da aka ɗaura tun tana cikin mahaifiyarta yana saki da shekaru, kuma wannan yana cikin dalilan da yiwuwar haihuwar yaro mai kiromosom na 21 guda uku ke ƙaruwa idan shekarun uwa sun ja.

Me ke hana a kwafi DNA sau biyu a zagaye ɗaya?

Kafin a kwafa dole a ba wuraren farawa izini, kuma Cdt1 na cikin masu ba da izinin. A G1 kaɗai yake da sarari. Da kwafa ta fara, wani E3 mai suna CRL4-Cdt2 yana rusa shi a kan DNA ɗin, wanda ya rage kuma wani furotin, jeminin, ya riƙe shi. Jeminin ba ya gushewa sai APC/C ya rusa shi a ƙarshen maitosis. Ke nan sabon izini ba ya samuwa sai an raba kwafin farko.

Gaskiya ne shigar ciki ma yana da alaƙa da wannan?

Ƙwarai kuwa. Ƙwan mace rabuwa biyu yake yi a jere, kuma wanda ya nuna yana tsaye cak a tsakiyar ta biyu, kiromosom a jere, wuƙa a kube, domin wani furotin mai suna Emi2 ya danne APC/C. Shigar maniyyi yana tayar da igiyar kalsiyam a cikin ƙwan. Kalsiyam ya kunna enzayim masu liƙa wa Emi2 fosfet, SCF ya rusa shi, APC/C ya samu sararin rusa sekurin da saikilin B kamar yadda aka bayyana a tambayar rabuwar kiromosom. Daga nan ƙwan ya kammala rabuwarsa, tafiyar ɗan tayi ta fara.

Mene ne haɗin wannan da cutar daji?

Daji rabuwa ce da ta ƙi jin birki, kuma birki da yawa rusawa ce ke ƙayyade yawansu. Misali mafi girma shi ne p53, furotin mai gadin ƙwaya. Ƙwaya mai lafiya tana ƙera shi kullum, wani E3 mai suna Mdm2 kuma yana rusa shi cikin mintuna. Da DNA ya lalace sai a hana Mdm2 kama shi, p53 ya taru nan take, ya tsayar da zagayen ta hanyar p21, furotin mai danne CDK, ko ya umarci ƙwayar ta mutu idan ɓarnar ta wuce gyara. A wasu nau'o'in daji Mdm2 ne ya yi yawa. A wasu Skp2 ne ya yi yawa har p27 ya ƙare. A wasu Fbw7 ne ya lalace, sai saikilin E da Myc, furotin mai ingiza girman ƙwaya, su taru ba mai kwashewa.

Wanda ya fi shafar gidajenmu shi ne sankarar bakin mahaifa. Ƙwayar cutar HPV tana ƙera wani furotin, E6, wanda ke kama wani E3 na jikinmu mai suna E6AP ya juya shi kan p53. Da kayan aikin ƙwayar ake rusa mai gadinta. Nau'i na 16 da na 18 su ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100 na wannan cuta a duniya. Nijeriya ta shigar da allurar rigakafin HPV cikin jerin rigakafin yau da kullum a Oktoba 2023, kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Duk ɗalibin da ya fahimci abin da E6 ke yi, ina ganin wajibi ne ya zauna da iyayen unguwarsu ya yi musu bayani cikin harshen da za su gane, domin allurar tana hana cutar shiga ne tun kafin ta kai ga p53.

Akwai magungunan da aka gina a kan wannan ilimi?

Akwai. Bortezomib yana toshe furotiyasom, kuma Amurka ta amince da shi a 2003 don dajin ɓargo da ake kira mayeloma. Ƙwayoyin wannan daji suna ƙera furotin da yawan gaske, saboda haka idan aka toshe musu wurin zubar da shara su ne ke fara shaƙewa. Thalidomide, wanda ya jawo haihuwar dubban jarirai da nakasa a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, sai a 2010 masu bincike a Japan suka gano cewa wani ɓangaren E3 mai suna sereblon yake kamawa. Ɗan'uwansa lenalidomide yana sa wannan E3 ya rusa furotin biyu da mayeloma ke dogaro da su. Daga nan tunanin ƙera magani mai kai biyu ya ƙara ƙarfi: kai ɗaya ya kama furotin mai cutarwa, ɗayan ya kama E3, ƙwayar ta rusa shi da kanta.

Tsofaffin magunguna irin su vincristine da paclitaxel ta wata ƙofa suke bi. Suna dagula zaruruwan da ke jan kiromosom, maƙalai su kasa kamuwa, saƙon “a dakata” ya ƙi yankewa, ƙwayar ta daɗe a tsaye har ta mutu. Wasu ƙwayoyin daji suna kuɓucewa saboda saikilin B yana zurarewa a hankali ko da APC/C a danne yake. Su ma ƙwayoyin gashi da na hanji da na ɓargo masu lafiya suna yawan rabuwa, shi ya sa mai karɓar irin wannan magani gashinsa ke zuba, jininsa ya ragu.

Zan iya ganin wani abu daga cikin wannan da idona?

Yubikwitin da furotiyasom sun yi ƙanƙanta ga madubin ɗakin gwajin makaranta, amma sakamakon aikinsu yana ganuwa. Ɗora albasa a bakin kofin ruwa, gindinta yana taɓa ruwan, ka bar ta kwana uku ko huɗu ta fitar da saiwa. Yanke milimita ɗaya ko biyu na ƙarshen saiwar, ka tausasa shi a ruwan asid mai rauni, ka sa rinin da ke kama kiromosom, ka danne shi a hankali tsakanin gilasai biyu. Albasa tana da kiromosom 16, manya ne, suna fitowa sarai.

Sai ka ƙirga. Mafi yawan ƙwayoyin za ka same su da cibiya a dunƙule, suna G1 ko S ko G2. Kaɗan za ka gani da kiromosom a jere a tsakiya, waɗannan sekurin ɗinsu yana nan. Waɗanda za ka sha wahalar nema su ne masu rukuni biyu da ke nesanta da juna, kowane kiromosom a lanƙwashe yana bin zarensa. Ƙarancinsu yana gaya maka gajartar matakin: daga lokacin da aka niƙe sekurin zuwa isar tagwayen ɓangarorinsu, 'yan mintuna ne. Idan ka ƙirga ƙwaya 200 ka rubuta adadin kowane rukuni, za ka iya kimanta kason lokacin da kowane mataki ke ci a zagayen.